Shin ya dace babba ya karanta littafin soyayyar matasa kafin ya kalli fim ɗinsa?

Tambaya: Wata baiwar Allah mazauniyar Jidda, wadda shekarunta suka haura 40, ta ce 'yarta ta fari mai shekara 15 ta sayo wani littafin soyayya na matasan Amurka da aka fassara zuwa Larabci, kuma ta nace sai sun je sinima tare idan fim ɗin da aka yi daga littafin ya fito. Uwar ta ɗauki littafin don ta duba abin da ke ciki, sai ta tarar ta kai tsakiyarsa ta kasa ajiyewa, har takan ɓoye shi idan maigida ya shigo. Tana so ta san ko abin kunya ne mace mai shekarunta ta karanta irin wannan littafi, ko ƙarasa shi zai ɓata mata kallon fim ɗin, da kuma ko ya dace ta kai yarinyar.

Amsa: Hajiya, Allah ya raya miki yarinyar, ya shirya ta. Amsata a taƙaice ita ce ki ƙarasa littafin, ki kuma ƙarasa shi a fili, sannan ki bar 'yan makonni su shiga tsakani kafin ku je kallo, idan har kun yanke shawarar zuwa. Ina magana ne a matsayin wadda ta daɗe tana koyar da adabi ga 'yan mata sa'o'in 'yarki a nan Jidda. Abin da ya shafi halasci ko haramci fagen malaman addini ne, su ya kamata a tuntuɓa a kansa; ni abin da zan yi miki bayani shi ne yadda ake gina waɗannan littattafai, da abin da ke faruwa da su idan aka mayar da su fim, domin ki yanke hukunci da saninki.

Batun kunya ba zai ɗauke mu lokaci ba. A shekarar 2012 kamfanin Bowker, mai bin diddigin kasuwar littattafai a Amurka, ya fitar da rahoton da ya nuna cewa kashi 55 cikin ɗari na masu sayen littattafan da aka buga domin 'yan shekara 12 zuwa 17 mutane ne da suka kai shekara 18 ko suka wuce, kuma rukuni mafi girma a cikinsu 'yan shekara 30 zuwa 44 ne, mafi yawansu kuma wa kansu suka saya. Can ɗin ma ba a rasa masu ganin abin da ƙasƙanci ba, domin a 2014 wata marubuciya mai suna Ruth Graham ta yi rubutu a mujallar Slate tana cewa ya kamata manya su ji kunyar karanta littattafan da aka rubuta wa yara, ta kuwa sha martani. Akwai ƙamshin gaskiya a maganarta ta fuska ɗaya, wato babban da ba ya karanta komai sai waɗannan ya tauye kansa, tunda rayuwa ba ta tsaya a shekara 17 ba. Amma wannan hujja ba ta hau kan wadda ta ɗauki littafi guda domin ta san abin da 'yarta ke karantawa, sai labarin ya ja ta. Mu Hausawa kuma ba baƙi ba ne a wannan muhawara. Tun daga ƙarshen shekarun 1980 littattafan soyayya suka cika kasuwannin Kano, aka yi musu laƙabi da adabin kasuwar Kano, masana irin su Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka yi ta musayar ra'ayi a jaridu a kan darajarsu, alhali matan aure na karanta su a ɗakunansu ba tare da jiran sakamakon muhawarar ba. Wadda ta tashi a nan Saudiyya kuwa ta san ƙananan littattafan Riwayat Abir, fassarar labaran soyayyar Turawa, da 'yan mata suka riƙa musayarsu a makaranta. Ina kyautata zaton ba wannan ne littafin soyayya na farko da ya hana ki barci ba.

Yana da kyau ki san cewa kiran littafi na matasa tsari ne na kasuwa. Masu buga littattafai ne ke yanke shawarar kantar da za a ajiye shi, kuma abin da suke dubawa shi ne shekarun tauraruwar labarin, yawanci daga 15 zuwa 18, da sauƙin harshe, da saurin tafiyar labari. Ana gajarta babi, ana kuma ƙare kowanne a daidai inda mai karatu zai so ya leƙa na gaba. Abin da ya hana ki ajiye littafin ke nan, gwaninta ce ta sana'a da aka shirya da gangan, kuma tana kama ɗan shekara 50 kamar yadda take kama ɗan 15. Sai dai wannan laƙabi bai yi miki alkawarin zurfi ba, bai kuma yi miki alkawarin tsabta ba, zan dawo kan wannan idan na zo maganar yarinyar.

Babban dalilin da ya sa nake cewa a fara da littafi shi ne bakin da ke ba da labarin. Kusan duk shahararrun littattafan wannan rukuni da bakin yarinyar kanta aka rubuta su, ita ce ke cewa na gani, na ji, na yi zato, na tsorata. Idan kika lura da wanda ke hannunki, abin da ke faruwa a zahiri ba shi da yawa: an je makaranta, an turo saƙon waya, an yi wani kallo a bakin ƙofa, an yi kwana biyu ba a kira ba. Nauyin labarin duka yana cikin fassarar da yarinyar ke yi wa waɗannan ƙananan abubuwa, yadda take juya kalma ɗaya a ranta har gari ya waye, yadda take yi wa saurayin uzuri, yadda take raina kanta. Kyamara ba ta iya shiga zuciya. Mai shirya fim zai iya sa muryar tauraruwar ta riƙa magana daga bayan fage, amma idan ya yawaita hakan masu kallo sun gundura. Zai iya ƙirƙiro wata ƙawa da za a riƙa gaya wa abin da ke rai, amma abin da mutum ke gaya wa ƙawa ba shi ne abin da yake gaya wa kansa ba. Daga ƙarshe sai ya jingina da fuskar 'yar wasa da kiɗa. Saboda haka wadda ta kalli fim kawai ta ga abin da yarinyar ta aikata, wadda ta karanta littafin kuwa ta san dalilin da ya sa ta aikata. Ga uwa, dalilin shi ne abin nema.

Akwai kuma matsalar lokaci. Ƙa'idar da masu rubutun fim ke bi ita ce shafi ɗaya yana daidai da kimanin minti ɗaya a allo, don haka fim na awa 2 bai wuce shafi 120 ba, shafukan ma ba cike suke da rubutu ba. Littafin Twilight na Stephenie Meyer, wanda ya fito a 2005, ya kusa shafi 500, fim ɗinsa na 2008 kuwa awa 2 ne da 'yan mintoci. Dole a yanke, kuma abin lura shi ne irin abin da ake fara yankewa. Ba a taɓa haɗuwar farko, ba a taɓa rabuwa da shiryawa, domin su ake sayar da tikiti da su. Wuƙar tana sauka ne a kan iyaye da ƙawaye da kuma duk abin da ke da ɗaci ko ba shi da kyan gani. Misalin da nake yawan ba ɗalibaina shi ne The Fault in Our Stars na John Green, da aka buga a 2012 aka yi fim ɗinsa a 2014, labarin matasa biyu masu fama da cutar daji. A cikin littafin saurayin ya taɓa yin wata budurwa da ciwon ya kama a ƙwaƙwalwa, ya sauya mata hali har ta riƙa yaɓa masa baƙar magana kafin ta rasu, kuma sanin wannan labari yana cikin abin da ya sa tauraruwar ke gudun kada kowa ya so ta, don kada mutuwarta ta raunata shi. Fim ɗin ya cire wannan budurwa gaba ɗaya. Ba laifi ba ne a sana'ance, fim ɗin ya tafi daidai ba tare da ita ba, amma abin da aka cire shi ne wurin da littafin ya faɗi gaskiya mafi nauyi a kan jinya, cewa ciwo ba koyaushe yake mayar da mutum abin tausayi mai daɗin zama ba. Duk wadda ta taɓa jinyar uwa ko miji za ta gane wannan shafi fiye da yadda 'yar shekara 15 za ta gane shi.

Fim ba ragewa kawai yake yi ba, yana ƙarawa, kuma abin da yake ƙarawa ya fi ƙarfi a kan mai kallo. Yana ƙara kyawun fuska da sutura da haske da kiɗan da ke gaya wa zuciya lokacin da za ta karaya. Yana kuma ƙara shekaru a ɓoye, domin galibi manya ake ɗauka su fito a matsayin yara: Robert Pattinson yana da shekara 22 lokacin da Twilight ya fito, alhali yana wasan ɗan shekara 17, ita ma Shailene Woodley shekararta 22 lokacin da aka saki fim ɗin John Green, alhali yarinyar littafin 'yar shekara 16 ce. Sakamakon haka shi ne abin da a takarda yake wautar ƙuruciya, mai ban tausayi da ban dariya, a allo sai ya fito da kwarjinin soyayyar manya. Hausawa na cewa gani ya kori ji, a nan kuwa korar ta gaske ce, domin da zarar kin ga fuskar ɗan wasa ba za ki sake iya karanta littafin da fuskar da kika zana a ranki ba. Wanda ya fara da littafi yana da hoto biyu da zai gwama, nasa da na darakta. Wanda ya fara da fim hoto ɗaya gare shi, kuma ba nasa ba ne.

Yanzu ga abin da nake ganin shi ne ribar karatunki, wadda 'yarki ba za ta samu ba ko da ta karanta littafin sau uku. Ita tana karantawa ne daga cikin tauraruwar, abin da tauraruwar ta gaskata shi ta gaskata. Ke kuwa kina karantawa kamar goggon da yarinya ke ba wa labarin saurayinta: tana jin abin da aka faɗa, tana kuma jin abin da yarinyar ba ta san ta faɗa ba. A Twilight saurayin, wanda a labarin ya haura shekara 100 ko da yake yana da siffar matashi, yana shiga ɗakin yarinyar da dare yana kallonta tana barci ba da saninta ba, kuma da ta gano hakan damuwarta ita ce abin da ta faɗa cikin barci, ba shigar da ya yi ba. A littafi na uku ya lalata mata mota don ya hana ta ziyartar wani abokinta, yana cewa tsaronta yake yi. Miliyoyin 'yan mata sun karanta waɗannan wurare suna ganin ƙarshen so ke nan. Mace mai shekara 40 da ta ga aure iri iri, nata da na 'yan'uwa da na maƙwabta, ta san sunan wannan hali, ta kuma san inda yake kaiwa bayan an ɗaura aure. Irin waɗannan abubuwa suna maimaituwa a littattafan rukunin: kishi mai tsanani da ake nunawa a matsayin shaidar ƙauna, saurayi mai zafin rai wanda yarinya ta ɗora wa kanta nauyin gyara shi, budurwar da ta watsar da ƙawayenta da karatunta saboda mutum ɗaya, iyayen da labarin ya mayar da su ko dai azzalumai ko kuma marasa wayo. Ba a labaran Amurka kaɗai suke ba, duk wadda ke bin littattafan Hausa da ake rarrabawa a WhatsApp da Wattpad, manhajar rubuta labarai da karanta su, ta san miskilin attajirin nan da ke wulaƙanta yarinya babi 40 kafin a ce ashe sonta yake yi. A takarda kina iya tsayawa, ki koma baya, ki ce wannan magana ba ta yi ba. A sinima babu tsayawa, kiɗa ya riga ya yanke miki hukunci kafin ki yi tunani, kuma ɗan wasan yana da kyau.

Kada wannan ya sa ki koma karanta littafin da jan biro a hannu kamar ma'aikaciyar hukumar tace fina-finai. Nagartattun cikinsu suna riƙe da wani abu da manya ke mantawa, wato yadda komai yake da girma a wancan lokaci na rayuwa, yadda kalmar ƙawa ɗaya ke iya ɓata mako guda, yadda yarinya ke jin cewa ba wanda ya taɓa shiga halin da take ciki tun da aka halicci duniya. Mu manya mun san abin yana wucewa, shi ya sa muke saurin cewa shirme ne, kuma daga ranar da muka faɗi haka yarinya ta daina gaya mana komai. Idan littafin ya tuna miki yadda abin yake daga ciki, har kika ji ƙirjinki ya yi nauyi a wani shafi, to ya yi miki aikin da nasiha ba ta yi, kuma ba abin ɓoyewa ba ne. Jin daɗin labarin da ganin aibinsa suna iya zama a zuciya ɗaya, kuma haɗuwarsu ita ce karatun babba.

Tsoron cewa sanin ƙarshen labari zai ɓata kallo ba shi da ƙarfi a wannan rukuni. A 2011 wasu masu binciken halayyar ɗan Adam a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego, Nicholas Christenfeld da Jonathan Leavitt, sun ba mutane gajerun labarai, wasu an riga an gaya musu ƙarshen, wasu ba a gaya musu ba, sai aka tarar waɗanda suka san ƙarshen sun ɗan fi jin daɗin karatun. Ba kowane bincike da ya biyo baya ne ya samu irin wannan sakamako ba, amma a labarin soyayya hankali ma ya isa shaida. Mu da muka tashi da finafinan Indiya a kaset ɗin bidiyo mun san tun daga waƙar farko wa zai auri wa, hakan bai taɓa hana mu zama awa 3 ba, domin abin kallon shi ne hanyar da za a bi a kai can.

Abin da ke ɓata kallo shi ne a rufe littafi da Azahar a shiga sinima bayan Isha. Mai yin haka ba ya kallon fim, lissafi yake yi: an cire wannan, an sauya wancan, ba haka ta faɗa ba, gashinta ba wannan launi ba ne. Shi ya sa na ce ki bar makonni biyu ko uku, ƙananan bayanai su dushe, abin da ya rage a ranki ya zama ruhin labarin, shi ne kuma ma'aunin da ya dace a auna fim da shi. Sauyi a kan kansa ba cin amana ba ne. Indiyawa sun ɗauki labarin John Green ɗin nan suka yi Dil Bechara a 2020, fim na ƙarshe na marigayi Sushant Singh Rajput, suka mayar da shi garin Jamshedpur, tafiyar da aka yi zuwa Amsterdam a littafi ta koma Paris, A. R. Rahman ya sa masa waƙoƙi, kuma labarin bai mutu ba. A gida ma an yi irin wannan tun da wuri, domin In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da Alhaki Kwikwiyo na Balaraba Ramat Yakubu duk sun tashi daga takarda zuwa fim a shekarun 1990, lokacin da masana'antar finafinan Kano ke tasowa. Akwai dai wuri ɗaya da shawarar fara karatu ba ta da amfani, shi ne inda littafin ne aka ciro daga fim. Five Feet Apart misali ne: rubutun fim ɗin aka fara yi, daga shi aka rubuta littafin da ya fito a ƙarshen 2018, fim ɗin ya biyo baya a 2019. Irin wannan ba ya ɗauke da wani abu mai yawa da allo ya rasa. Ana gane shi daga bango ko shafin farko, inda ake rubuta sunayen marubutan fim ɗin tare da na marubucin littafin.

Maganar kai yarinyar tana da wani ɓangare da ya keɓanta da ƙasar nan, kuma iyaye da yawa suna fahimtarsa a juye. Gidajen sinima sun kasance a rufe a Saudiyya tun farkon shekarun 1980, sai a watan Afrilun 2018 aka buɗe na farko a Riyad, na Jidda kuma ya biyo baya a cibiyar kasuwanci ta Red Sea Mall a watan Janairun 2019. Mu iyaye ba mu tashi da al'adar ba, 'ya'yanmu kuwa sun tashi da ita, shi ya sa sinima ke ba mu tsoro fiye da littafi. Alhali duk fim ɗin da za a nuna a nan sai ya bi ta hannun hukuma, an sa masa alamar shekaru, irin su PG12 da R15 da R18, biyun ƙarshe suna nufin ba a barin wanda bai kai 15 ko 18 ba ya shiga, kuma akan yanke wuraren da suka saɓa wa ƙa'idar ƙasa, wani fim ɗin ma a hana shi baki ɗaya. Littafin da ke kan kanta a kantin littattafai na Jarir ko a baje kolin littattafai na Jidda ba ya ɗauke da irin wannan alama a bangonsa. Don haka sau da yawa abin da yarinya za ta gani a sinimar Jidda ya fi abin da ta riga ta karanta a ɗakinta sauƙi. Misali mafi bayyana shi ne After na Anna Todd, wanda ya fara a Wattpad a 2013 aka buga shi a 2014: taurarinsa ɗaliban jami'a ne, yana ɗauke da bayanin kwanciya ƙarara, ba a ma rubuta shi domin 'yan sakandare ba, amma su suka fi rububinsa, fim ɗinsa na farko na 2019 kuwa an sassauta shi ƙwarai don a samu shigar matasa. Uwar da ta kalli fim ɗin kawai ta ce ba komai, ba ta san abin da 'yarta ta karanta ba. Haka kuma abin da ake nunawa a sinima ba lalle ne ya zama daidai da wanda za ta samu daga baya a manhajar kallo ko a intanet ba, kuma fassarar Larabci wani lokaci takan lulluɓe abin da asalin Ingilishin ya faɗa a fili, yaran yanzu kuma da yawansu suna iya komawa ga asalin.

Saboda haka hukuncin zuwa ko rashin zuwa yana hannunki da na mahaifinta, bayan kin ƙarasa littafin kin kuma duba alamar shekarun da aka sa wa fim ɗin. Wannan ma wani dalili ne na daina ɓoye littafin, domin ba za ki nemi shawarar maigida a kan abin da kike turawa ƙarƙashin matashi idan ya shigo ba. Ki gaya masa yarinya ce ta kawo, kina dubawa, kuma labarin ya yi daɗi. A ra'ayina, idan littafin bai wuce iyaka ba, zuwa tare ya fi hanawa. Yarinyar da ta nemi uwarta ta raka ta, a shekarun da sa'o'inta ke neman hanyar zillewa su tafi da ƙawaye daren Juma'a, ta ba ki wata dama da ba ta daɗewa a buɗe. Hanin kuma ba ya hana kallo a zamanin da fim ke shiga waya bayan 'yan watanni, abin da yake hanawa shi ne ta kalla kina kusa.

Na san akwai alkunya, balle ga 'yar fari wadda wataƙila ko sunanta ba kya kira, kuma ba a saba uwa ta zauna da 'yarta suna zancen so ba. A gida goggo ko inna ko yaya ce ke ɗaukar wannan nauyi, a nan kuwa ba kowa ke da su a kusa ba. Amfanin labarin ƙirƙira ke nan, yana ba ku mutanen da za ku yi magana a kansu ba tare da kowa ya ambaci kansa ba. Ba sai kin tambaye ta ko tana da saurayi ba. Ya isa a hanyar dawowa ki ce ke kam abin da yaron nan ya yi a wuri kaza bai kwanta miki ba, ki ji abin da za ta ce, ko ki tambaye ta me ya sa take ganin an cire ƙawar nan daga fim ɗin, ko wanne ya fi mata tsakanin ƙarshen littafi da na fim. Idan ta kare saurayin labarin da zafi, kada ki mayar da hirar wa'azi a ranar, kin dai ji inda tunaninta yake, kuma za a sake samun wata rana. Ki kuma gaya mata wurin da ya burge ki, da gaske, domin idan ta ga kin karanta ne kawai don kama laifi, littafi na gaba ba za ki gan shi ba. Bambancin al'ada kuwa, irin fita da saurayi da keɓewa da shi da labarin ke ɗauka a matsayin abin yau da kullum, yarinyar da ta tashi a gidan Hausawa a Jidda ta san ba tsarin gidanku ba ne. Abin da ba ta iya ganewa da kanta shi ne wancan kishi da mallaka da aka yi wa ado, shi ya fi cancantar ki kashe hirarki a kansa.

Abu na ƙarshe da za ki kiyaye shi ne cewa waɗannan littattafai ba safai suke zuwa su kaɗai ba. Yawancinsu jeri ne na uku ko huɗu, kuma marubutan suna ƙara nauyin abin da ke ciki yayin da taurarin ke girma, a kan zaton masu karatu ma suna girma tare da su shekara bayan shekara, alhali yarinyar da ta samu jerin a kammale tana iya cinye shi a hutu ɗaya. Twilight littafi 4 ne da aka yi wa fim 5 tsakanin 2008 da 2012, na farkon bai wuce zance da riƙe hannu da sumba ba, na ƙarshen kuwa ya ƙunshi daren aure da wata haihuwa mai tayar da hankali. Fim na biyu na After ma a Amurka an ba shi alamar manya, saɓanin na farko. Ki duba bayan littafin da ke hannunki ko shafinsa na ƙarshe ki ga ko yana da ci gaba. Idan yana da shi, ki ce mata idan ta sayo na biyu ta fara miƙo miki.